Takalmin Hagu na Dedo Salko

"Lafiya lau na iso, Dedo, sai dai tun daga kan gada nake jin ƙauri. Na ɗauka gobara ce a unguwa, ashe kai ne ka tashi daga barci."

"Wa ya bar ƙofa a buɗe iska ta shigo mana da tsinke? Sabaheta, kawo tsintsiya."

Ni ce Sabahetar, kuma ko kai ban ɗaga ba. Ina zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, da baho a gabana, ina dukan bayan rumman da cokalin katako 'ya'yan suna zuba. Duk macen da ke bakin kogin Bregava hannunta baƙi yake a wannan watan saboda ɓawon rumman, amma nawa ya fi na kowa. Dalilin kuwa ga shi can a kan kujera, ya miƙe ƙafar dama a kan matashi, taba a baki, finjali a hannu. Mahaifina ke nan, Salko, wanda nake kira Babo. Wadda ta shigo jikarsa ce Merima, 'yar ƙanena, mai karatun haɗa magunguna a birnin Mostar; shi take kira Dedo, wato kaka, ni kuma Tetka, wato gwaggo. Tun tana rarrafe suke wannan faɗan, ni kuma Allah ya ɗora mini sauraro.

Ta durƙusa ta sumbaci hannunsa ta kai goshinta kamar yadda aka koya mata, sannan ta goge bakinta da gefen riga, a hankali, don ya gani.

"Goge da kyau," in ji shi. "Hannun nan ya yi noma kafin a haifi ubanki. Ina saƙona?"

"Wane saƙo?"

"Ji ta! Takardar naɗa taba mana. Siririyar nan ta birni, ba mai kaurin bargo da ake sayarwa a shagonmu ba. Na faɗa miki a waya har kika ce to."

"Na ce to, ban ce zan sayo ba. Amma ban zo hannu rabbana ba. Ungo."

Ta zaro ƙunshi daga jaka ta ɗora masa a cinya. Ya warware yana murmushin nasara, sai murmushin ya tsaya a hanya. Takalmi ne sabo fil, na fata ruwan ƙasa, mai kaurin ƙasa irin na hawan dutse. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya girgiza takardar ƙunshin. Ƙafa ɗaya ne, na hagu.

"Ina ɗan'uwansa?"

"Yana jakata."

"To zaman me yake yi a can? Ƙwai yake kwanci?"

"Jira yake a tabbatar za a buƙace shi. Me zai sa in ba ka na dama, bayan likita ya ce ƙafar da za ta shiga ciki ta kusa yi mana sallama?"

Cokalin ya tsaya a hannuna. Maganar da na kasa faɗa masa ke nan tun da muka dawo daga asibiti, yarinyar nan ta ajiye ta a cinyarsa kamar goron gayyata. Yatsun ƙafarsa ta dama sun yi sanyi, babban ya fara duhu. Likita ya ce hanyar jini ce ta tsuke, za su iya buɗe ta, amma muddin bai bar taba ba aikin banza ne, ƙarshenta sai an yanke. Babo ya saurare shi da ladabi, ya yi masa godiya, muna fitowa ƙofar asibitin ya naɗa wata ya kunna.

"Sabaheta, kina ji? A gidana, a kan kujerata, ake yi wa ƙafata ta'aziyya. Ke likitar kaji, wa ya gaya miki ban ɗauki mataki ba? Ina shan magani. Maganin da ke da bakinki kika rubuta mini."

"Ni? Yaushe?"

"Da bazara, a nan wurin. Kika ce hayaƙi yana sakin ɓarayi a cikin jini, rumman kuma yana da 'yan sanda masu kama su. To ni mutum ne mai adalci. In na saki ɓarawo, sai in tura ɗan sanda a bayansa." Ya zuƙi tabar, ya kurɓi finjalin. "Kin gani? Zuƙa, kurɓa. Ba wanda ya ci wani."

Merima ta juyo ta dube ni. "Tetka, da gaske yake?"

"Sauka ɗakin ƙasa ki duba," na ce. "Ruwan rumman da na dafa don mu sha har sanyi ya wuce, kwalaben nan duk sun zama fanko. Wannan da kike gani zagaye na biyu nake yi. Har da rana tsaka sai ya ƙwala mini kira wai 'yan sandansa sun ƙare."

"Kuma tabar ta ƙaru, ko?"

"Ta ninka. Ya ce tun da akwai tsaro a gari, me zai ji wa tsoro."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Dedo, wallahi kai rabin magana kake ji, rabin da ya yi maka daɗi. Ni ban taɓa cewa 'yan sanda ba."

"To sojoji."

"Ba sojoji ba ne! Ba sa kama kowa, ba sa dukan kowa. Kyauta suke yi."

"Kyauta? Wa ɓarawo? Wannan ce makarantar da ubanki yake ta fama a kai?"

Ta ja kujerar tsuguno ta zauna dab da ƙafar tasa, ta ƙwace takalmin daga hannunsa. Na san in ta yi wannan zaman ba mai tashi da wuri, sai na ci gaba da dukan rumman.

"Ka tuna maulidin gidan maƙwabcinka Zulfo, shekarar da aka yi rikicin takalma?"

"Ban tuna ba."

"Ka tuna sarai, kai ka haddasa shi. Ka fito daga ɗaki ka tarar kare ya gudu da takalminka ƙafa ɗaya. Me ka yi?"

"Na ari na kusa."

"Ka saci na Hamdo. Hamdo ya fito ya ga nasa ɗaya, ya ɗauki na mai gidan burodi. Mai gidan burodi ya ɗauki na liman. Liman ya tafi gida da silifas ɗin mata mai fure."

"Ya kuwa yi masa kyau, har tafiyarsa ta gyaru."

"Saurara mana! To haka jikinka yake. Komai na jiki an gina shi da ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, kowanne da 'yan ƙwayoyinsa na lantarki a zaune bibbiyu, kamar takalma a bakin ƙofa. In ɗaya ya rasa guda, ba ya haƙuri. Sai ya fizge na maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya zama mai ƙafa ɗaya, shi ma ya fizge na gaba. A makaranta radikal muke ce musu, kai ka kira su 'yan fizge. In wannan fizge-fizgen ya faɗa wa bangon hanyar jini, sai bangon ya yi rauni, maiƙo ya lalace ya manne a wurin, hanya ta yi ta tsukewa."

"Duk a kan takalmi ɗaya."

"Duk a kan naka. To ranar, wa ya kashe rikicin?"

Babo ya kakkaɓe tokar taba a ƙasa, inda na share da safe. Ni na amsa, don ni ma ina wurin. Wadda abin ya ƙare a kanta wata tsohuwa ce baƙuwa daga ƙauyen gaba, ta tsaya a bakin ƙofa tana rantsuwa sai ta tara wa unguwa jama'a. Mahaifiyata, wadda Merima ke kira Nana, Allah ya ji ƙanta, ta cire nata takalmin ta miƙa mata, ta taka har gida da safar ulu cikin taɓo tana dariya. Ba ta ɗauki na kowa ba, maganar ta mutu a nan.

"Yauwa," in ji Merima. "Nana ita ce antioksidan. Abin da ke cikin rumman da inabi da ganye ke nan. Ya miƙa wa ɗan fizge ƙwayarsa ɗaya, ɗan fizge ya natsu, shi kuma mai bayarwar bai haukace ya shiga sata ba. Shi ke nan aikin. Ba sanda, ba bindiga."

"To ai magana ta dawo wurina! Kakarki tana cikin finjalin nan, ina shan ta safe da yamma. Me kuma ake nema da ni?"

"Ƙafa nawa Nana take da su?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Biyu, kuma duk sun fi naki kyau."

"Biyu. Ta bayar sau ɗaya, ta koma safa. Mai bayarwa in ya bayar ya ƙare, sai an sake cika masa hannu. Jiki yana da nasa masu bayarwar, yana kuma iya wa 'yan fizgen yau da kullum, waɗanda numfashi da cin abinci ke haifarwa. Wasu ma aiki yake sa su, su kashe masa ƙwayar cuta. Amma kai kowace zuƙa sai ka turo mutanen Mostar gaba ɗaya, kowa da takalmi ƙafa ɗaya, ka ce Nana ta raba musu."

"Sai a ƙaro rumman. Sabaheta, ɗaga hannu."

"In na ɗaga hannun nan, ba a kan rumman zai sauka ba," na ce.

"Ko Bregava ce ta koma ruwan rumman ka kwanta a ciki ka buɗe baki, ba za ta yi ba," in ji Merima. "Abin da ka sha ɗan kaɗan ne ke isa cikin jini, sauran kuwa kai da bayan gida kuka san inda yake zuwa. Ga sukarin da kake sa Tetka ta zuba kamar za a yi alewa. Kuma ban da fizgen, taba tana matse jijiyar kanta kamar an ɗaure bakin buhu. Wannan ko gonar rumman ka cinye ba ruwanta."

"Ƙarya ne. Ubana ya sha taba har ya manta shekarunsa, da ƙafafunsa biyu aka binne shi."

"Ƙafafu biyu da ba ya taka ko ɗaya," na ce. "A bargo muke ɗaukar sa mu kai shi rana. Ni na riƙe gefe ɗaya, Babo, kada ka sa in tuna maka wanda ya riƙe ɗayan."

"Ke, da ke ake magana? Daki rumman ɗinki."

Haushi ya kama ni, na kuwa daki rumman ɗin har ɓawon ya tsage. Shi kuma ya laluba aljihun falmaran ya fito da gwangwaninsa. Gwangwanin tabar nan ya girme ni. Farin ƙarfe ne da ya sha hannu har ya yi santsi, da lotsawa a gefe ɗaya. Ubansa ya ba shi ranar da ya fara yanka ganyen taba siriri kamar gashi ba tare da ya yanke yatsa ba. A wurinmu baƙo in ya zauna, kafin a tambaye shi lafiyar gida sai an buɗe masa gwangwani, kuma har yau tsofaffin unguwa suna cewa ba mai yankan Salko.

Ya buɗe shi ya miƙa wa Merima, don tsokana.

"Bismillah, baƙuwa."

"A kai kasuwa."

"Kin gani? Ba tarbiyya. To gaya mini, malamar takalma, in Zulfo ya shigo gobe ya zauna a nan, me zan buɗe masa? Bakina? Da kuɗin ganyen nan na yi rufin gidan nan. Da shi ubanki ya yi karatu har ya haifo mini ke, abin da ya fi komai ba ni nadama. Yanzu in zauna hannu sake kamar wanda ya zo zaman makoki?"

"Ka miƙa masa gahawa."

"Gahawa ba taba? Ai gara a ba mutum ruwan wanki."

"Ka miƙa masa rumman, ga shi Tetka ta tara."

"Kada ki sa ni a ciki," na ce. "Saura Zulfo ya ji wannan fatawar, shi ma ya zo da nasa finjalin."

Babo ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin ya daɗe. Merima ta tashi ta riƙa bubbuga bayansa, da ɗan ƙarfin da ya wuce na jinya. Da ya lafa, sai ta koma ta zauna, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafar tasa ta dama. Bai janye ba, don bai ji ba. Sai da ya ga inda nake kallo sannan ya duba.

"Ɗauke hannunki, sanyi gare shi kamar kwaɗo."

"Hannuna da ɗumi, Dedo. Ƙafar ce."

Ya kau da kai ya zuƙi tabar, ita kuwa ta sake jefo masa tambaya.

"Yaushe rabonka da hawa wurin Nana?"

Maƙabartarmu a kan tudu take, bayan itatuwan rumman na daji. Tun da aka binne mahaifiyata, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya hau, ya cire ciyawa, ya yi mata addu'a, ya kuma kai mata ƙarar duk wanda ya ɓata masa rai a makon, yawanci ni. Bana tun da aka fara girbi bai kai ba.

"Ina zuwa," ya ce.

"Kana zuwa rabin hanya. Ka tsaya a wurin dutsen nan ka yi kamar kogi kake kallo, sannan ka juyo. Zulfo ya gaya wa babana, babana ya gaya mini."

"Zulfo munafuki ne. Kogin ne ya yi kyau bana."

"Kogin nan tun kafin a haife ka yake nan, ba ka taɓa tsayawa kallonsa ba. Takalmin nan na hawan tudu ne, na zaga kasuwa kafin in samu mai laushin ciki. In ka ga dama ka sa biyu ka hau da kanka. In ka ga dama ka sa ɗaya, ni da Tetka mu ɗauko bargo. Amma ka sani in mun kai ka, da bakina zan gaya wa Nana cewa ka shanye rumman ɗin gida kaf, ka kuma ce ita ka sha."

"Za ki iya, baƙar jika."

"Har da ƙari."

Tabar da ke hannunsa ta ci har ta kusa yatsa. Ya dube ta, ya dubi finjalin, ya ga babu kurɓar da za ta bi bayan zuƙar. Na ɗauka kirana zai yi in ƙaro, na riga na shirya amsar da zan ba shi. Sai ya jefa guntun a cikin finjalin. Ya rufe gwangwanin, ya shafa lotsawar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Tausayinsa ya kama ni, abin da ya ƙara ba ni haushi, don ban shirya jin tausayin kowa ba ranar.

"Ashe duk gidan nan ke ce babbar 'yar fizge," ya ce. "Kin shigo da ƙafa ɗaya, sai kin raba ni da nawa. Ungo. Kawo takalmina."

Ya cilla mata gwangwanin, ta cafe. Ta buɗe ta leƙa.

"Da tabar a ciki?"

"Da ita. Kada ki zubar a gabana. Kuma in kika sa masa allura da zare, Allah ya isa."

"Maɓallai zan zuba. Na saman rumfa fa?" Ta nuna jerin ganyen da ya rataya yana bushewa a ƙarƙashin rufi.

"Ke ba ki da ƙoshi ne? Sabaheta, a kai wa Zulfo, tun da bakinsa ba ya shiru. Ya sha ya ga kyan kogi."

Ban ce na yarda ya daina har abada ba. Na san mahaifina, na kuma san akwai wani ƙunshi a cikin tsohuwar tukunya a ɗakin ƙasa wanda yake zaton ban gani ba. Amma gwangwanin nan ko wanka zai shiga yana kan taga inda idonsa zai kai, yau ga shi a jakar yarinya.

Merima ta fito da na daman. Ta durƙusa ta sa masa da kanta, ta bi yatsun a hankali, ta ɗaure igiyar sako-sako. Ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Ya taka zuwa bakin bahona, ya juya, ya dawo yana yatsina fuska.

"To ni yanzu wane ne a cikin labarin naki? Mai bayarwa ya tafi gida shiru?"

"Bayarwar dai ka yi. Shirun ne ban sa rai ba."

"Da wannan takalmin wa zai yi shiru? Kuɗin ubanki kika zubar. Ko awon ƙafa ba ki iya ba, wai ke za ki auna wa mutane magani. Na daman nan matse ni yake yi, babban yatsan kamar an sa shi a ƙofa."

"Yana matse ka?"

"Kurma ce ke? Na ce yana matse ni!"

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Ashe har yanzu yana ji."

Babo ya daina yatsina fuska. Ya sunkuya ya dubi ƙafar, ya motsa yatsan a cikin fatar, sai ya fashe da dariya yana girgiza kai.

"Tafi can, tsinke. Ranar Juma'a ki zo da wuri, ke za ki riƙe mini sanda. Ina da ƙararki da zan kai wa kakarki."